Gahawar Tsibirin Lamu: Ƙaramin Finjali, Dogon Zama

Kafin in ɗauke ku zuwa bakin Tekun Indiya, bari in fara da wata magana da mahaifiyata ta daɗe tana yi mini. Duk ranar da na je gaishe ta, tun ban gama cire takalmi ba nake fara duba agogo, ga makulli a hannu, ga waya tana ta ƙara a cikin jaka. Sai ta dube ni ta ce, "Ke dai kullum kamar wadda ta zo ɗibar wuta." In yi dariya, in ajiye mata ɗan abin da na riƙo, in ce yara na jirana a makaranta, in fice. A ganina na sauke nauyi, tunda ban bar ta da yunwa ba, ban kuma bar ta da neman kuɗin magani ba. Ban taɓa zama na auna maganar tata ba sai da Allah Ya kai ni wani ɗan tsibiri da ake kira Lamu a ƙasar Kenya, inda wata tsohuwa ta biya mini karatun da finjalin gahawa.

Hanyar Lamu

A watan Janairu na 2023 ne aiki ya kai maigida birnin Nairobi, ya ce in raka shi, in ya kammala mu ɗan huta na mako guda kafin mu dawo gida. Wani abokin aikinsa Musulmi ɗan ƙasar shi ya ba mu shawarar Lamu, ya kuma haɗa mu da wasu danginsa da ke ba baƙi hayar ɗakunan saman gidansu.

Lamu yana can arewacin gaɓar tekun Kenya, ba nisa sosai da iyakar Somaliya. Saboda matsalar tsaro da aka sha fama da ita a hanyar mota ta wannan yanki, ƙaramin jirgin sama muka hau, ya sauke mu a tsibirin Manda da ke maƙwabtaka, domin shi Lamu ba shi da filin jirgi. Daga nan aka loda mu da kayanmu cikin kwalekwale mai inji, ni da ban taɓa hawa ruwa ba na riƙe hannun maigida gam ina ta salati, cikin 'yan mintoci sai ga mu a bakin garin.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin ƙugin motoci. In ban da 'yan ƙalilan na hukuma irin su motar asibiti, babu mota a garin, domin lungunansa sun yi matsatsin da in kika miƙa hannuwanki biyu za ki iya taɓa bangon dama da na hagu a wasu wuraren. Jaki shi ne motar kowa, shi ke ɗaukar yashi da buhunan shinkafa da 'yan makaranta, har ma akwai asibitin jakuna da wata ƙungiyar agaji ta Ingila ta buɗe a 1987. A 'yan shekarun nan 'yan acaɓa sun shigo, suna ta kai da komo a titin bakin ruwa, abin da har yanzu ake ja-in-ja a kansa tsakanin mutanen garin.

Garin ya haura shekara 700 ana zaune a cikinsa ba tare da ya taɓa zama kufai ba, shi ya sa hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Gidajen da dutsen murjani aka gina su, aka yi rufi da itacen bakin teku, ga ƙofofi na katako masu sassaƙa abin sha'awa. Yawancin mutanen Musulmi ne, Suwahili suke yi, matan kuma na sa baƙar abaya da suke kira buibui. Lokacin salla in ya yi, kiran salla ta kowace kusurwa yake tashi, har na ce wa maigida in ban da ƙamshin teku sai in rantse a cikin birnin Kano muke.

Kuskurena na farko

Ni dai ma'abociyar Nescafé ce, babban kofi da madara da sukari cokali biyu, in ban sha da safe ba kaina ya dinga sarawa ke nan har azahar. Washegarin saukarmu, bayan sallar asuba, muka fita bakin ruwa neman abin karyawa. Can muka hangi wani tsoho da farar hula da zane irin na mazan garin, yana zaune a kan dakali, gabansa wata doguwar butar tagulla mai faɗin gindi da tsinin kai, an ɗora ta a kan ɗan kaskon garwashi. Yana riƙe da ƙananan finjalai a hannu ɗaya yana kaɗa su suna ƙara, wanda daga baya na gane cewa tallar ke nan, ba sai ya ɗaga murya ba.

Tun a jirgi na haddace kalmomi biyu daga waya. Na matsa da ƙarfin gwiwa, na miƙa masa babban kofin filas ɗina, na ce, "Nipe kahawa", wato ba ni gahawa.

Tsohon nan bai karɓi kofin ba. Ya ɗago kai ya dube ni cikin natsuwa, ya ce, "Assalamu alaikum, mama. Habari za asubuhi?" Ko da yake ba na jin Suwahili, "habari" da "asubuhi" ba su ɓuya mini ba, labari ne da asuba, wato ina kwana yake yi mini. 'Yan uwa, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da nake ja wa 'ya'yana kunne kullum a kan gaida manya, ga ni a garin mutane na tsaya a kan sa'an mahaifina babu ko sallama. Maigida ya yi sauri ya amsa, ya ba shi hannu, suka gaisa da ɗan Larabcin da kowannensu ke da shi.

Sai da aka gama wannan sannan ya ɗauko finjali, wanda bai fi rabin ɓawon ƙwan kaza ba, babu mariƙi, ya tsiyaya mini wani baƙin ruwa mai tururi. Na kurɓa. Wallahi maɗaci ya san da zaman wannan gahawa! Fuskata ta yamutse, dattawan da ke kan dakalin suka sunkuyar da kai suna murmushi, shi kuwa tsohon ya yanko wani ɗan abu ja mai danƙo ya miƙo mini. Ita ce halwa, 'yar uwar alewarmu har a suna, ana yin ta da sukari da garin sitaci da man shanu da kayan ƙamshi. Da na haɗa zaƙinta da ɗacin gahawar sai na gane ashe da gangan aka bar ta ba sukari, aure ne aka ɗaura tsakaninsu.

Babban kofina kuwa haka na mayar da shi jaka. A wurin tsohon nan ba a saya a tafi da ita. A nan za ki sha, ki mayar masa da finjalinsa, ya ɗauraye a cikin ɗan kwanon ruwa, ya zuba wa na gaba. Kuɗin ma bai taka kara ya karya ba, 'yan sulallan shilin ne.

Yadda ake neman gahawa a Lamu

Ga duk wadda Allah Ya nufa da zuwa, ga abin da na koya bayan na sha kunya. Da farko dai gaisuwa. Sallama ta wadatar, in kuma dattijo ne ko dattijuwa sai ki ƙara da "shikamoo", su amsa da "marahaba". Sannan ba a cewa "nipe" ga babba, domin umarni ne, "naomba" ake cewa, wato ina roƙo. "Naomba kahawa moja", ina roƙon gahawa ɗaya. In biyu ce, "mbili".

Gahawar gargajiya iri biyu ce. Akwai "kahawa chungu", mai ɗaci, wadda mutanen Lamu a nasu karin harshen ke cewa "tungu". Ita ce baƙa wuluk, ba sukari ba madara, ta dattawa da masunta, ana kuma raɗe-raɗin wai tana ƙara wa maza kuzari, wannan kuma sai ku tambayi matan garin. Sai "kahawa tamu", mai zaƙi, wadda ba ta kai ta farko kauri ba, an dafa ta da sukari da citta da girfa da wasu 'yan ƙwayoyin ƙamshi da Larabawa ke kira hel, su kuma suna ce musu iliki. In kika ce "kahawa" kawai kika yi shiru a gaban mai butar tagulla, to ki shirya wa mai ɗaci. Madara kuwa, wadda suke kira maziwa, ta shayi ce, kuma shayin ne mafi yawan mutanen Kenya ke karyawa da shi. Abokan tafiyar gahawa su ne halwa da dabino, wani lokaci da kaimati, wasu 'yan dunƙulallun soyayyen fulawa da aka tsoma a ruwan sukari. In kin ƙoshi ki ce "imetosha", ya isa, ki rufe da "asante", na gode.

Abu na ƙarshe da na lura da shi tun a safiyar farko shi ne, duk dakalin nan babu mace ko ɗaya a zaune. Dakalin da suke kira baraza majalisar maza ce, kamar dai tebur ɗin mai shayi a wurinmu. A nan ake jin farashin kifi, da wanda ya rasu, da wanda zai aurar da 'ya, da siyasar Nairobi. Baƙuwa in ta tsaya da mijinta ba wanda zai kore ta, amma matan gari suna da nasu wurin, wanda zan kai ku yanzu.

Baƙuwar da ta zama 'yar gari

Wani abin mamaki shi ne ko itacen gahawa ɗaya babu a Lamu. Ƙasar yashi ce mai zafi, ta kwakwa da mangwaro, gahawa kuwa tuddai masu sanyi take so. Asalinta daga Habasha ne, amma a Yaman aka fara shan ta yadda muka sani a yau, inda a ƙarni na 15 masu ibadar dare ke sha don kore barci lokacin zikiri. Daga nan ta isa Makka, har aka taɓa hana shan ta a can a 1511 kafin daga baya a janye hanin. Tashar jiragen ruwa ta Moka a Yaman ta daɗe tana zaman babbar kasuwarta.

Iska ce ta haɗa Lamu da waɗancan ƙasashe. Daga wajen Disamba zuwa Maris wata iska da suke kira kaskazi tana kaɗowa daga arewa, ta turo jiragen katako masu ƙaton ƙyalle daga ƙasashen Larabawa da Indiya. In watanni suka juya, sai iskar kusi ta taso daga kudu ta mayar da su gida. Fataken da ke zaman jiran juyawar iska sukan yi watanni a gari, wasu su yi aure su zauna, da haka al'adunsu suka gauraya da na mutanen gaɓar teku, har da butar tagulla da finjali da halwa. Tsohuwar ganuwar da ke tsakiyar garin, wadda aka gama ginawa wajen 1821, da taimakon Sarkin Oman aka kammala ta. Shi ma babban malamin nan Habib Swaleh, wanda ya kafa masallaci da makarantar Riyadha ya kuma rasu a 1935, a tsibiran Komoro aka haife shi, zuri'arsa daga Hadaramaut ta Yaman. Shi ne ya raya bikin Maulidin da har yau ke tara dubban mutane a Lamu kowace shekara.

Ita kuwa gahawar da Kenya ta yi suna da nomawa, daga baya ta zo. 'Yan mishan na Faransa ne suka shigo da irinta a 1893, ana noma ta a tuddan tsakiyar ƙasar irin su Nyeri da Kiambu, kuma mafi yawanta ƙasashen waje ake kai wa. Ke nan mutanen gaɓar teku sun san shan gahawa tun kafin a fara shuka ta a ƙasar.

Gayyatar ƙarfe goma

Uwar masaukinmu tsohuwa ce da kowa ke kira Bibi, wato kaka. A rana ta uku muka haɗu a matakala, na gaishe ta da "shikamoo" ɗina sabo fil, ta ji daɗi, ta kama hannuna ta ce, "Kahawa, saa kumi." Na san "kumi" goma ne, "saa" kuma sa'a. Ƙarfe goma na safe na caɓa ado, na fesa turare, na sauko. Sai na tarar da su tsamo-tsamo cikin aiki, wata na kankare kwakwa, wata na gyaran kifi, Bibi ko ɗankwalin kirki ba ta ɗaura ba. Jikarta mai jin Turanci ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta yi mini bayani. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awoyi, tunda a yankinsu rana kusan lokaci ɗaya take fitowa duk shekara. Ƙarfe bakwai na safe shi ne "saa moja", awa ta ɗaya. Saboda haka "saa kumi" ƙarfe huɗu ne na yamma, bayan la'asar. Na hau sama da adona ina jin kunya karo na biyu.

Da la'asar ta yi na sake saukowa. An shimfiɗa tabarmi a wani dogon ɗaki na can ciki, bangonsa cike da 'yan ƙananan tagogin ado da aka jera tangaran a ciki. Turaren wuta da suke kira udi na tashi, maƙwabta mata biyar sun iso, sun cire buibui, kowacce da zannuwanta masu launi da lalle a hannu. Biyu daga cikinsu ko titi ba su taka ba, ta wani ɗaki da aka gina a saman lungu ya haɗa gida da gida suka ɓullo. Wikio ake ce masa, magabata sun yi shi ne don mata su ziyarci juna ba sai sun fita waje ba.

Bibi da kanta ta soya 'ya'yan gahawar a kan garwashi har suka yi baƙi suna ƙyalli, aka daka a ɗan turmi, ta dafa da citta da iliki, ta sauke ta bar garin ya kwanta. Sannan ta zauna a tsakiyarmu da butar a hannun hagu, finjalai a hannun dama. Ni ta fara miƙa wa, a matsayina na baƙuwa. Na leƙa ciki, na ga ko rabi bai kai ba. Kurɓa biyu na shanye. Ta karɓa ta ƙara daidai na farko. Na shanye, ta sake ƙarawa.

Sai tausayinta ya kama ni, tsohuwa tana ta wahalar miƙa hannu. Na ce wa jikar ta gaya mata ta cika mini finjalin gaba ɗaya, don in rage mata aiki. Yarinyar ta yi jim, ta faɗa a hankali. Ɗakin ya yi tsit. Bibi ta ajiye butar, ta dube ni, ta yi magana, jikar ta fassara: "Ta ce in ta cika miki, ta sallame ki ke nan. Ta ce ina za ki?"

Daga nan ta yi mini bayani. A gidan mahaifinta, wanda kakanninsa daga Hadaramaut suka zo, cika wa baƙo finjali daidai yake da ce masa sha ka tashi. Ana zuba kaɗan ne don kada ta huce, don kuma yatsu su iya riƙe finjalin da ba shi da mariƙi, amma babban dalilin shi ne mai zubawa ba ta da damar tashi ta bar baƙuwarta. Hajiyoyin da suka sha gahawa da dabino a Makka da Madina za su tuna irin wannan ɗan zubin. Ta ƙara da wani karin maganarsu, "haraka haraka haina baraka", gaggawa ba ta da albarka, na ce mata mu ma muna cewa sauri ya haifi nawa.

Akwai wata mata a cikinsu da tun shigowarta ba ta ce uffan ba bayan gaisuwa. An yi hirar tsadar shinkafa, an yi ta bikin da ke tafe, an karɓi kuɗin adashe, tana dai juya finjali a hannu. Sai da aka kai zubi na uku ko na huɗu sannan ta fara magana ƙasa-ƙasa, hawaye na zuba. Jikar Bibi ta raɗa mini cewa ɗanta ne ya faɗa shaye-shayen ƙwaya, masifar da ta addabi matasa da yawa a garuruwan gaɓar tekun, kuma ta yi watanni tana ɓoyewa. Ba wadda ta katse ta. Da ta gama, wata ta ce mijinta zai ɗauki yaron aiki a jirginsa na kamun kifi, wata ta ce za ta raka ta wurin masu ba da magani, aka kuma amince a ba ta kwasar adashen wannan karon ko da yake ba layinta ba ne. Bayan sun watse Bibi ta ce mini, "Finjalin farko na gaisuwa ne. Abin da ke cin mutum ba ya fitowa sai an kai na uku."

Ni kuwa da ban san yadda ake cewa ya isa ba, sai da na sha bakwai. Ashe ɗan girgiza finjalin ake yi yayin mayarwa, mai zubawa ta gane. Daren nan barci ya ƙaurace mini. Na hau soron gidan na zauna, ina jin kukan jakuna da motsin ruwa, ba abin da ke yawo a raina sai Hajiyata. Na yi lissafi, na ga rabon da in zauna a ɗakinta na cikakkiyar awa ɗaya tun rasuwar mahaifinmu. Kullum a finjalin farko nake tashi. Me ke cikin ranta da ban taɓa jira ya fito ba?

Can ƙauyen Shela

Kada ku ɗauka duk tsibirin haka yake. Tafiyar ƙasa da awa ɗaya a ƙafa daga garin akwai ƙauyen Shela, mai dogon bakin teku da tuddan yashi, waɗanda daga ƙarƙashinsu ake samo ruwan daɗin da tsibirin ke sha. Nan ne Turawa masu yawon buɗe ido suka fi sauka, wasu ma sun sayi gidaje. Mun shiga wani shagon gahawa na zamani, ga allo an jera sunaye na Italiyanci, ga inji yana huci. Na nuna wadda nake so da yatsa, cikin minti biyu aka kawo mini babban kofi mai kumfar madara. Gaskiya ta yi daɗi, kuma 'ya'yan garin ne ke aiki a wurin suna samun na kansu. Sai dai kuɗin kofi ɗaya zai shayar da duk dakalin tsohon nan, kuma har muka tashi ba wanda ya tambaye ni daga wace ƙasa nake. Kowa na kan teburinsa da wayarsa, na ga kaina a cikinsu sarai.

Lamu na canzawa. A 2021 aka buɗe sashen farko na sabuwar babbar tashar jiragen ruwa a yankin, baƙi na ƙaruwa, masu sayar da gahawa da dama sun koma zubawa daga filas maimakon butar tagulla. Ranar da za mu tafi na koma wurin tsohon, na yi sallama, na gaishe shi yadda ya kamata, na ce "naomba kahawa tungu". Ya yi dariya, ya zuba, ya kuma ƙi karɓar kuɗina.

Ga uwargida mai son gwadawa

Ki zuba ruwa kofi biyu a tukunya, ki sa dakakkiyar citta rabin ƙaramin cokali da ƙwayar hel huɗu da kika ɗan fasa. In ya tafasa ki zuba garin gahawa babban cokali biyu, na ainihi da aka niƙa, ba mai narkewa na gwangwani ba. Ki rage wuta ta dahu kamar minti goma, ki sauke ki bar garin ya kwanta, sannan ki tsiyaye a hankali. In mai zaƙi kike so, ki rage garin, ki ƙara girfa da sukari tun a kan wuta. A sha da dabino ko alewa.

Sai dai a kula. Sinadarin da ke hana barci a gahawa shi ne dai ke cikin goro da shayi. Likitoci na ba mai juna biyu shawarar kada ta wuce miligiram 200 a rana, wato kamar matsakaicin kofi biyu na Nescafé, mai shayarwa ma ta taƙaita. Shan ta tare da abinci na rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarin jini, don haka mai ƙarancin jini ta ba da tazara. Ba a ba ƙananan yara, mai hawan jini ko gyambon ciki kuma ta nemi shawarar likita.

Komawa gida

Na sayo finjalai shida da ƙullin gahawa. Kwana biyu da dawowarmu na tafi gidan Hajiya, na bar wayata a mota, na shiga madafa na dafa, na zauna a gabanta na zuba mata ɗan kaɗan. Ta dube ni ta ce, "Yau kuma lafiya?" Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce, "Wannan maɗacin kika tsallaka teku kika sayo? Miƙo mini gorona." Na miƙa mata, ta ɓantara, ni na ci gaba da shan abata.

Muka yi hirar tafiya, na ba ta labarin jakuna da na ƙarfe goma, ta yi dariya har da tari. Muka yi ta dangi. Aka yi shiru. Da a da ne, a nan zan miƙe in ce sai an jima. Na ƙara zuba wa kaina, na gyara zama. Can sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kin san na kusa shekara ban duba Alƙur'anina ba? Hazo nake gani. Da ka nake karanta abin da na haddace." Na ce, "Hajiya, me ya sa ba ki faɗa ba?" Ta ce, "A tsaye zan gaya miki?"

Yanar ido ce, an yi mata aiki, kuma alhamdu lillahi ta koma karatunta. Har yau ba ta shan gahawata, amma duk ranar Juma'a bayan la'asar tana sa a shimfiɗa tabarma, ta ajiye goronta, ni in zo da butata.

'Yan uwa, kowaccenmu na da wadda take ziyarta a tsaye, ko uwa, ko uwar miji, ko maƙwabciya, ko ma 'yar cikinta da ta fara girma. Ba sai an je Lamu ba, ba kuma sai da gahawa ba, kunu ma ya isa, in dai za a zuba kaɗan-kaɗan a zauna. Allah Ya ba mu ikon sada zumunci, Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.